Don An Sauya Kwaɗo Sai A Ɓalle Ƙofa?

 Wannan makon zan ɗan ajiye zancen jigo da salo da rigimar ƙa'idojin rubutu da muka saba, in yi magana a kan inda rubutunmu yake kwana bayan mun gama shi. Da yawanmu a waya muke rubutu, wasu har yanzu a littafin makaranta, amma ranar da aka tashi shirya littafi, a tsara shafuka, a yi bango, a fitar da kwafin da za a kai wa mai dubawa, sai an dangana da shagon buga takardu. A nan ne littafin da ka yi shekara biyu kana fama da shi yake sauka a kwamfutar wani, ya zauna a cikinta har sai abin da hali ya yi.

Wanda ya san Babbar Kasuwar Kaduna, wadda aka raɗa wa sunan Sheikh Abubakar Gumi, ya san ba atamfa da takalma da kayan wuta kaɗai ake nema a wajen ba. Ka bi titin Ahmadu Bello da layukan da suka zagaye kasuwar, za ka yi ta cin karo da ƙananan shagunan da ake buga takardu, a yi fotokwafi, a tsara katin biki da kalanda da littafin rasit na 'yan kasuwa. Tsarinsu kusan iri ɗaya ne. Kwamfuta uku ko huɗu, yawancinsu na hannu. Firinta ɗaya babba a jone da kwamfutar maigida, sauran kwamfutocin suna tura mata aiki ta waya ko ta Wi-Fi. Sannan ga folda ɗaya ta kowa da kowa, inda yaran shago suke zuba duk aikin da ya shigo don wanda yake kusa ya ɗauka ya ƙarasa. Babu kalmar sirri a kanta, domin a ganinsu duk 'yan gida ne, wa za a ɓoye wa?

Haka ake tafiya lafiya lau, sai wata safiya a tayar da janareto, a kunna kwamfuta, ta ɗan jima tana juya ɗigogin nan nata, ta buɗe, a tura aiki, firinta ta yi gum. A leƙa foldar da aka saba shiga, sai wani saƙon Turanci ya tare hanya. Ga mai katin biki a tsaye, ɗaurin aure jibi. Ga ɗalibi yana jiran takardunsa. Ba a taɓa waya ba, ba a canza komai ba, jiya-jiyan nan aka yi aiki da ita. Galibi abin da ya faru shi ne manhajar Windows ta sabunta kanta, kuma sabuntawar ta zo da sabuwar dokar tsaro da ta hana kwamfutocin shagon yin magana da juna a yadda suka saba.

Akwai ma ranar da abin ya fi faruwa. Kamfanin Microsoft yana fitar da gyare-gyaren tsaronsa a Talata ta biyu ta kowane wata, da ƙarfe goma na safe agogon yammacin Amurka. A nan wajenmu ƙarfe shida ko bakwai na yamma ke nan, lokacin da kasuwa take tashi. Saboda haka a Larabar da ta biyo baya, ko Alhamis, ake fara kiran injiniya.

Injiniya in ya zo, ba ya ɓata lokaci, shi ma yana da wasu shagunan da ke jiransa. Zai shiga can cikin hanjin kwamfutar, ya mayar da wata lamba daga 1 zuwa 0 ko daga 0 zuwa 1, ya kashe ya kunna, firinta ta fara tari, kowa ya yi hamdala. Kafin ya tafi, sai ya ƙara da kyauta: ya toshe sabuntawar gaba ɗaya don kada a sake tayar masa da hankali. Maigida ya biya yana godiya. Ra'ayina, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, wannan ba gyara ba ne. An sauya maka kwaɗon shago saboda an gano ɓarayi sun yanka mukullin tsohon, kai kuma da ka zo sabon ya ƙi buɗuwa da tsohon mukullinka, sai ka kira kafinta ya cire ƙofar ɗungurungum. Shiga ta yi sauƙi, ba shakka. Ta yi wa kowa sauƙi.

Bari mu bi abin daga tushe, don kada a ce zuzutawa nake yi. Hanyar da kwamfutocin Windows suke raba folda da firinta a tsakaninsu ana kiranta SMB. Tsohuwar aba ce, asalinta tun shekarun 1980, zamanin da ake ɗauka duk wanda yake cikin ofis amintacce ne. A ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata kafa da ke jikin tsohon samfurin SMB ɗin, ta shiga kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Aikinta shi ne ta kulle duk fayilolin da ta tarar, ta ce sai an biya kuɗin fansa, dala 300 a kan kowace kwamfuta. Ba ta jira a danna wani abu. In ta samu kwamfuta ɗaya a gida, da kanta take tsallakawa zuwa sauran. A Ingila ta durƙusar da asibitocin gwamnati da dama, har aka ƙiyasta an soke ganin likita kusan 19,000. Abin takaicin, Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan kafar tun 14 ga Maris na shekarar, wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba, da waɗanda suke kan tsofaffin manhajojin da aka daina yi wa gyara.

Daga nan ne kamfanin ya fara tsuke bakin jaka. A ƙarshen 2017 ya fara cire tsohon SMB daga sababbin fitowar Windows 10. Sai kuma 2021, lokacin da aka gano wata kafar a sashen da ke kula da layin aikin firinta, wadda aka yi wa laƙabi da PrintNightmare. Ta wannan kafa, wanda ya samu ƙaramar dama a kwamfuta zai iya zama mai cikakken iko da ita. Aka fitar da gyaran gaggawa a watan Yuli. A watan Agusta aka ce daga yanzu sai mai izinin shugabancin kwamfuta ne zai iya ɗora manhajar firinta. A watan Satumba aka tilasta wa kwamfuta da firintar da take wata kwamfutar su riƙa magana a rufe. Nan ne lambar nan 0x0000011b ta yi suna a duniya, kuma duk mai gyaran kwamfutar da ya yi aiki a shekarar ya haddace ta kamar lambar wayarsa. Maganin da ya fi yawo shi ne a shiga rajistar kwamfuta a kashe sabuwar dokar, wato a sake buɗe abin da aka rufe.

Sai kuma na Windows 11, fitowar da ake kira 24H2, wadda aka saki a ranar 1 ga Oktoba, 2024. A samfurin Pro, wanda shi ne a kan yawancin kwamfutocin ofis da ake kawo mana na hannu, an yi canji biyu a lokaci guda. Na farko, duk saƙon da zai wuce tsakanin kwamfuta biyu sai an buga masa wani irin hatimi, don a tabbata wani bai tsaya a tsakiya ya sauya shi ba. Na biyu, an daina yarda kwamfuta ta shiga foldar wata a matsayin baƙuwa, babu suna babu kalmar sirri. Kuma biyun a haɗe suke, domin baƙon da ba a san shi ba ba shi da abin da zai buga hatimin da shi. To ka ga foldar nan ta kowa da kowa da na ambata, ita ce ta farko da wannan doka ta rufta a kanta.

Yanzu ga wurin da nake ganin laifin masu yin manhajar, kuma ba ƙarami ba ne. Saƙon da yake fitowa, in aka mayar da shi Hausa, cewa yake yi dokokin tsaro na ma'aikatarku sun hana baƙon da ba a tantance ba shiga wannan folda. Wace ma'aikata? Mutumin da yake da kwamfuta uku da yara biyu a shagon haya, shi ne ma'aikatar, shi ne manaja, shi ne mai sayo fetur. Bai kafa wata doka ba, bai ma san akwai ta ba. An rubuta saƙon ne da tunanin akwai wani ofishi a bene na uku mai ma'aikatan kula da kwamfuta da za a buga wa waya. Wani lokacin ma ba a yi maka wannan karamcin, sai dai a watso maka lamba, 0x80070035, wai ba a ga hanyar ba, alhali hanya tana nan, hana ka bi aka yi. Mutum ba ya kiyaye dokar da ba a gaya masa dalilinta ba, musamman in tana tsakaninsa da abincinsa. Saboda haka ba na ganin wautar mai shago in ya ce a cire masa wannan abin. Abin da aka nuna masa kaɗai ya gani.

Ba kuma zan ce tsoron sabuntawa ba shi da tushe ba. A watan Oktoba na 2018 Microsoft ya saki wata babbar sabuntawa ta Windows 10 da ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, har sai da ya janye ta bayan 'yan kwanaki. Marubuci ya tsaya ya auna wannan da kyau. A ranar 19 ga Yuli, 2024 kuma, wani kamfanin tsaron kwamfuta mai suna CrowdStrike ya tura wa abokan cinikinsa gyara mai kuskure, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka ƙi tashi, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Sannan ga namu na gida: sabuntawa tana cin data, data kuwa kuɗi ce, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyarta, kwamfutar tebur da ba ta da batirin ko-ta-kwana tana iya rikicewa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai akwai bambanci tsakanin sabuntawar da ta zo da kuskure, wadda kamfani yake janyewa ko ya gyara cikin kwanaki, da wadda ta rufe ƙofa da gangan. Ta farko haƙuri take so da ɗan jinkiri. Ta biyu ba za ta koma ba, domin ba kuskure ba ce. Injiniyan da bai bambance su ba, magani ɗaya yake ba su, kuma maganin shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Wani zai ce, to wa zai ɓata lokacinsa a kan shagon fotokwafi a Kaduna? Ai 'yan kutse bankuna suke nema. Wannan tunanin shi ne ya fi damuna, domin yana da kama da hankali. Irin waɗannan manhajoji ba sa zaɓe. Ba wani ne yake zaune yana duba sunan shagonka ba. Laluben ƙofofi suke yi, wadda suka tura ta buɗe, sun shiga. Kuma ba sai daga wata ƙasa ba. Shagon da yake karɓar filas ashirin a rana daga hannun mutane ashirin, wanda kuma yake ba kwastoma kalmar sirrin Wi-Fi don ya turo takarda daga wayarsa, ya riga ya shigo da baƙi cikin gida. Duk wanda ya hau wannan Wi-Fi ɗin yana layi ɗaya da kwamfutar maigida. In folda a buɗe take, da ƙaramar manhajar duba fayil a waya za a iya leƙa ta, a kwashi abin da aka ga dama, mutum yana zaune a benci kamar mai jiran canji.

Me ke cikin foldar? Takardar NIN ta mutane, sakamakon jarrabawa, takardun filaye, wasiƙun neman aiki masu ɗauke da adireshi da lambar waya, hotunan fasfo, takardun asibiti. Tun watan Yuni na 2023 Najeriya take da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita, kuma hankalin dokar shi ne wanda ya karɓi bayanan wani, amana ya karɓa. A tsakiyar wannan tarkace kuma ga littafinka, da sunanka a kai, babi ashirin cif, ba a buga ba.

Mu nan mun fi kowa kukan an fitar mana da littafi. Kullum sai ka ga marubuciya tana Allah ya isa saboda littafin kuɗin da take sayarwa a WhatsApp ya bazu a wasu zaurukan kyauta. Muna zargin masu saye, kuma sau da yawa su ɗin ne. Amma ban cika jin wanda ya tambayi mai tsara masa littafi ina ya ajiye fayil ɗin, su wa ke iya buɗe shi, ko zai goge bayan an gama ba. Wadda take shirin shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, inda ake son labarin da ba a taɓa wallafawa ba, ta yi tunanin halin da za ta shiga in labarinta ya riga ta fita. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana bayanka a takarda, amma kafin ka tabbatar wa wani cewa kai ka fara rubutawa, ka sha wuya. Wannan ma in sata aka yi ke nan. In kulle fayilolin shagon aka yi, kuma kwafin da aka gyara, aka tsara, aka yi wata guda ana tacewa, a can kaɗai yake, to sai dai a koma farko.

Gyaran gaskiya kuwa bai kai wahalar da ake zato ba, kuma wannan ne ya sa abin yake ba ni haushi. A kwamfutar da take riƙe da folda da firinta, a buɗe wani asusu na daban, a ba shi suna da kalmar sirri mai ƙarfi, a ce shi kaɗai ke da izinin shiga foldar. A sauran kwamfutocin a shigar da sunan da kalmar sau ɗaya, a ce su riƙe. Shi ke nan, baƙo ya zama ɗan gida, hatimi ya samu, doka ta gamsu, aiki ya ci gaba. Ba ya cin rabin awa. Matsalar firinta ta 2021 kuwa, ta fi kamari ne inda wata kwamfutar ta sabunta wata ba ta sabunta ba, ko inda aka haɗa sabuwa da tsohuwar da aka daina yi wa gyara. A kawo su matsayi ɗaya, ko kuma, in firintar tana da ramin wayar sadarwa nata, a jona ta kai tsaye da rauta kowa ya same ta a can, ba sai ta bi ta kwamfutar maigida ba. Wani lokacin ma abin bai kai nan ba: kwamfuta ce kawai ta ɗauki sadarwar shagon a matsayin ta bainar jama'a, sai ta ɓoye kanta, da an gaya mata ta gida ce sai ta fito. Yawancin rautocin yanzu kuma suna da layin baƙi daban, wanda kwastoma zai hau ya samu intanet ba tare da ya ga kwamfutocin shago ba.

Shi kuma tsoron sabuntawa mai kuskure, akwai hanyar da ba toshewa ba. Windows tana barin a ɗage sabuntawa har mako biyar. Mai shagon da ya san Talata ta biyu, zai iya ɗagewa ya bar mako ɗaya ya wuce, ya ji ko duniya ta yi kuka, sannan ya zaɓi yammacin da ba aiki, ga mai a janareto, ya kwafe muhimman fayiloli a gefe, ya sabunta kwamfutocinsa gaba ɗaya a zama guda. In babbar sabuntawa ce ta zo da matsala, akwai kwana goma da za a iya komawa baya. Ɗagewa da niyyar yi daban, toshewa har abada daban.

Na san akwai inda maganar nan take yin tsauri, wato wajen tsofaffin kwamfutoci. An daina yi wa Windows XP gyara tun Afrilun 2014, Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, ita kuma Windows 10 wa'adinta ya cika a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin lokacin da aka ware wa wanda ya yi rajista. Windows 11 tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa sosai ba, kuma kwamfutoci da yawa da ke kasuwanninmu ba su cika sharaɗin ba. Ƙasashen da suka ƙoshi suna sauke nasu, mu muna saye. Ba zan zauna a nan in ce wa mai shago ya zubar da jarinsa ya sayi sabuwa ba, da wane kuɗin? Kuma wasu ba don rashin kuɗi kaɗai suke riƙe da tsohuwar ba. A cikinta ne tsohuwar manhajar tsara shafi da hannunsu ya saba da ita take, a cikinta ne haruffan Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar don a iya buga ƙ da ɗ da ɓ tun kafin wayoyinmu su iya, suke zaune, tare da littattafan shekaru da aka buga da su. Wanda ya taɓa buɗe irin wannan fayil a kwamfutar da ba ta da haruffan ya ga yadda lanƙwasassun baƙaƙe suke rikiɗewa su zama wasu alamomi. To a riƙe ta, ba laifi. Amma a zare mata wayar sadarwa, a kashe mata Wi-Fi, ta zauna ita kaɗai tana aikinta. Abin da bai dace ba shi ne a sassauta tsaron sababbi uku don su iya gaisawa da tsohuwa ɗaya.

Masu gyara ma ina da magana da su, in akwai su a cikinmu, kuma na san akwai. Yawancinsu a hannun wani suka koya, ko a bidiyon YouTube, kuma bidiyon da ya fi samun masu kallo shi ne mai cewa ga yadda za ka kawar da wannan saƙo cikin minti biyu. Ba ya gaya maka me saƙon yake karewa. Sana'a ce mai daraja, kuma mai gyaran da zai iya zama ya yi wa maigida bayani da Hausa, ya ce Alhaji, ga hanya mai sauri ga kuma mai kyau, ga abin da kowace za ta jawo, ya fi ƙarfin a kira shi mai taɓa-taɓa. Amma da waɗanne kalmomi zai yi bayanin?

Nan ne abin ya dawo kanmu. An taɓa fassara fuskar Windows 7 zuwa Hausa, amma irin wannan fassara tana tsayawa ne a wuraren da aka fi taɓawa, can ciki inda ake samun matsala Turanci ne zalla. Ko da ma an fassara kalma da kalma, ba za ta wadatar ba, domin abin da ya ɓace ba kalma ba ce kaɗai, bayani ne. Lokacin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam da abokan aikinsa sun tarar da duniya cike da abubuwan da Bahaushe bai taɓa gani ba, ga yaƙin duniya ya taso, suka yi ta lalubo yadda za a faɗe su har mai karatu a ƙauye ya gane. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna ya yi irin wannan aiki shekara da shekaru. A zamaninmu Baban Sadik ya daɗe yana rubutu a kan kimiyyar sadarwa a jaridar Aminiya. Amma mutum nawa ne? Mu da muke kiran kanmu marubuta masu tasowa, kusan dukkanmu layi ɗaya muka bi, soyayya da kishi da gidan attajiri. Ba na raina su, ni ma ina karantawa. Sai dai shafi biyu da za su fahimtar da mai shago a Kasuwar Gumi dalilin da ya sa firintarsa ta yi shiru, a harshen da yake ciniki da shi, rubutu ne, kuma yana da wuyar da ta kai ta gajeren labari. Sai ka fahimci abin da kanka tukuna, sannan ka samo masa misali daga rayuwar mai karatu, sannan ka cire duk kalmar da ka sa don a ce ka iya.

Ko masu ƙagaggen labari ma akwai abinsu a nan. Muna yawan sa ɗan kutse a littafi, yaro mai baƙar riga a ɗaki mai duhu yana danne-danne, cikin minti ɗaya ya kwashe kuɗin banki. Na fi son in karanta labarin yarinyar da take buga takardu a shago, wadda ta ga takardar da bai kamata ta gani ba a foldar kowa da kowa, ko na mai gyaran da ya san ƙofar da ya bari a buɗe a shaguna goma. Waɗannan mutanen muna gaisawa da su kullum.

Kafin mu kai can, ga abin da ke hannun kowa a yanzu. In za ka kai littafinka shago, ka riƙe kwafinka a wuri biyu da ba shagon ba, ɗaya a imel ɗinka, wanda zai kuma zame maka shaidar ranar da ka rubuta. In bugawa kawai za a yi, ka kai shi a PDF. In tsarawa za a yi, duk ranar da aka yi aiki ka karɓi kwafin inda aka tsaya kafin ka bar wajen. Ka tambayi maigida, cikin ladabi, ko foldarsu tana da kalmar sirri, ka kuma roƙa a goge naka a gabanka in an kammala. Zai yiwu ya dube ka sama da ƙasa. Zai yiwu kuma ya ce ai tun da injiniya ya zo bara ba su sake samun matsala ba, kwamfutocin ma sun daina wannan sabunte-sabunten, wanda hakan ya ishe ka amsa.

A rubutun nan na yi amfani da hatimi, da baƙo, da kafa, da sabuntawa, da layin baƙi. Wasu sun zauna, wasu ina jin su suna ɗingishi. Wadda ta fi ba ni wuya ita ce abin da na kira dokar tsaro, domin ba doka ba ce irin ta majalisa, ba kuma umarni ba ne daga wani mutum. Saiti ne da aka ɗaura wa kwamfuta wanda mai ita yake da ikon kwancewa. Na gwada ƙa'ida, na gwada sharaɗi, na gwada tsari, kowace ta kama gefe ta saki gefe. Wanda yake da wadda ta fi, musamman 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suke fama da nasu saƙonnin da Faransanci, ya kawo mu gwada ta a bakin masu shago mu ji ko za ta zauna.